Maƙwabci Kafin Gida: Tarihin Tsaro a Cikin Birnin Kano

 

Duk wanda ya taɓa raka wani ganin gidan sayarwa a cikin birnin Kano ya san yadda abin yake tafiya. Dillali yana gaba da mukulli a hannu, bakinsa ba ya hutawa: ɗaki huɗu ne, rijiyar ba ta ƙafewa ko da bazara, wutar layin nan ba a cika ɗauke ta ba, ga Kurmi nan taku kaɗan. Mai saye yana ƙwanƙwasa bango, yana ɗaga kai yana duban rufi. Amma idan aka yi sa'a akwai dattijo a tafiyar, za ka ga hankalinsa ba ya kan ɗakunan. Yana tsaye a ƙofar gida yana nazarin lungu, sai can ya ce, "Malam, wane ne a gidan nan na dama? Na hagun fa? Kuma me ya sa masu gidan za su sayar?"

Mu yara mukan ɗauki wannan a matsayin rigimar tsufa. Alhali ga mafi yawanmu kuɗin gida sau ɗaya ake tara shi a rayuwa: giratutin mahaifi ne, ko rabon gado, ko gonar da aka sayar a ƙauye. Idan aka zuba shi a inda ba a iya barci da ido biyu, babu wani na biyu da za a gyara kuskuren da shi. Tambayoyin dattijon nan kuwa ba yau aka fara su ba. Sun kusa shekara 900 ana yin su a wannan gari, kuma tarihinsu muke so mu bi yau.

GANUWA

Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara ginin ganuwa. Daga Rariya aka fara aikin, kuma a ranar farko an yanka shanu 100. Ƙofofi 8 aka yi mata a wancan zango, cikinsu har da Mazugal, Ƙofar Ruwa, Waika da Kansakali. Ɗansa Yusa, wanda ake kira Tsaraki, shi ya ƙarasa. Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, ya gina gidan sarautar da muke gani yau, ya kafa Kasuwar Kurmi. An sake faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Nazaki, a farkon ƙarni na 17.

Waɗanda suka yi wannan aiki sun san tsaro ya wuce tudun ƙasa. Sun kewaye Dala da Gwauron Dutse a ciki, sun kewaye ruwan Jakara, sun bar fili mai yawa na noma da kiwo. Lokacin da Baturen Birtaniya Clapperton ya zo Kano a 1824, ya lura cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba. Dalili a fili yake. Idan abokan gaba suka yi wa gari zobe, mutanen karkara su shigo da dabbobinsu, a sami abinci da ruwa har maharan su gaji su tafi. Kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa, yana rufe ta in rana ta faɗi, ya buɗe da asuba. Wasu daga cikin tsofaffin ƙyauren nan suna nan a Gidan Makama, kowa yana iya zuwa ya gani.

A wancan zamani ke nan, tambayar farko ga mai neman wurin zama ita ce: ciki ne ko waje? Har yau da sauran wannan tunani a bakinmu, shi ya sa muke cewa "ɗan birni" da "ɗan waje".

Sai dai ganuwa ta ba da kunya ba sau ɗaya ba. A zamanin Sarki Dadi (1670 zuwa 1703) Kwararrafa sun shigo ta Ƙofar Gadon Ƙaya har suka kai Kurmi suka yi ɓarna. A Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895, tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, ganuwa ba ta amfana wa kowa komai ba, domin 'yan gida ɗaya ne suke yaƙar juna. Mutum yakan rasa ransa ko gidansa saboda ɓangaren da aka ce yana goyon baya, kuma da Alu ya ci birni a 1894 gidaje da dama sun sauya hannu. Na uku shi ne ranar 3 ga Fabrairu 1903, da sojojin Turawa ƙarƙashin Kanar Morland suka kafa igwa suka shigo ta wajen Ƙofar Kabuga, Sarki Alu yana Sakkwato. Lugga da kansa ya yi mamakin ganuwar, ya rubuta cewa kewayenta ya kai kimanin mil 11 da ƙofofi 13. Duk da haka a yini ɗaya aka keta ta.

Daga ranar nan ganuwa ta daina zama abin dogaro. Abin da ya ci gaba da tsare mutane shi ne abin da ke cikinta.

UNGUWA

Idan muka saurari sunayen unguwannin birni da kyau, za mu ji suna faɗa mana su wane ne suka zauna a wurin. Madabo ta malaman Wangarawa ce da suka zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Sharifai tana da alaƙa da zuriyar Shehu Magili, wanda ya zo zamanin Rumfa. Dandalin Turawa ta Larabawan fatake ce daga Tarabulus da Gadamus. Ga Agadasawa, ga Tudun Nufawa, ga Zangon Barebari, ga Ayagi ta Yarabawa. Wasu kuma sana'a ce ta haɗa su: Soron Ɗinki, Dukawa, Lokon Maƙera, da marina a Ƙofar Mata.

Wannan tsari yana nufin baƙo ba ya faɗowa unguwa daga sama. Bafatake yakan sauka a hannun fatoma ko maigidansa, wanda zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa in an yi rigima. Idan zama ya yi zama yana son wurin gini, ta hannun mai unguwa zai bi, mai unguwa kuma yana da na gaba da shi har a kai fada. Kafin a ba ka wuri an san ko kai wane ne, an san wanda za a tuhuma idan ka yi abin kunya. Kai ma kafin ka zauna ka san cikin su wa za ka zauna. Abin da ake nufi ke nan da maƙwabci kafin gida.

Ba mu ce zamanin ya kuɓuta daga aibu ba. Tsarin da ya kare ɗan unguwa shi ne kuma yakan danne wanda ba shi da kowa, kuma talaka ba ya iya jayayya da hukuncin mai sarauta a kan wurin zamansa. Amma ta fuskar sata da ɓarna, idon jama'a ya yi aikin da dogarai kaɗai ba za su iya ba. Lungunan nan masu karkacewa, da yawansu ba sa ɓullewa, baƙo in ya shiga sai ya tambayi hanya, in ya tambaya kuwa an gan shi. Da ɗan gari akan ci gari, shi ya sa unguwa take sa ido a kan 'ya'yanta kafin ta sa a kan baƙi.

ZAURE

Shi kansa gidan, magina sun tsara shi mataki-mataki. Daga lungu sai zaure, inda maigida yake zama, yake sana'arsa, yake karɓar baƙi, wani lokaci almajirai su kwana. Daga nan sai ƙofar gida, sai shigifa, sannan cikin gida. Ba a sa ƙofofin su kalli juna, don kada na waje ya hango ciki. Kafin mutum ya kai ɗakin matan gida sai ya wuce ido biyu ko uku. Katangar tubali ce mai kauri, rufin azara da ƙasa, wanda wuta ba ta cin sa kamar yadda take cin jinka. Indararo yana zubar da ruwan rufi nesa da gindin bango. Kowace shekara bayan damina sai a yi yaɓe, a shafe da makuba, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin lura shi ne zaure ba gidansa kaɗai yake tsarewa ba. Zaure goma a lungu ɗaya, kowanne da mutum zaune tun safe har bayan isha'i, sun fi kowane maigadi. Yau da yawa daga cikin zaurukan nan an fasa su an yi shago, ko an toshe an yi ɗakin haya, an sa ƙyauren ƙarfe. Gidan ya ƙara kuɗi a kasuwa, lungun kuma ya rasa ido ɗaya.

BAYAN 1903

Da zuwan Turawa sai gari ya fara fita daga ganuwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Aka kafa Sabon Gari, aka keɓe Nasarawa ga Turawa, Fagge ta bunƙasa da cinikin gyaɗa. Bayan samun 'yanci, musamman da aka ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, masu hali suka riƙa barin gidajen gado suna komawa sababbin unguwanni. Yau Kano ta kai Rijiyar Zaki, Ɗorayi, Sheka, Hotoro, Kurna da Rijiyar Lemo, wasu awon gwamnati, wasu awon igiya.

A can sai kowa ya gina tasa ƙaramar ganuwar: doguwar katanga, fasassun kwalabe ko waya a samanta, get, maigadi. Mutum zai yi shekara biyar bai san sunan na jikin katangarsa ba. Wannan yana da daɗinsa, akwai fili, akwai iska, mota tana shiga har gida, ba mai sa maka ido. Amma tsohon darasin 1903 yana nan: katanga tana tsayar da wanda ya fi ta rauni ne kawai. In aka haura ta, wa zai ji ihunka ya fito?

IDAN HATSARIN NA CIKI NE

Babu abin da ya nuna wa Kanawa nauyin maƙwabtaka kamar rikicin Maitatsine. Muhammadu Marwa, wanda aka taɓa kora daga Kano a 1962 ya dawo, ya zauna a 'Yan Awaki, dab da birni. A hankali mabiyansa suka yi yawa, suka riƙa mamaye filaye da gidajen da ke kewaye, suna takura wa maƙwabta. An yi ta koke. A watan Nuwamba 1980 Gwamna Abubakar Rimi ya aika masa takardar wa'adi ya rushe gine-ginen da ya yi ba bisa ƙa'ida ba. Ranar 18 ga Disamba faɗa ya ɓarke a filin Shahuci, bai lafa ba sai da aka kawo sojoji a ƙarshen watan. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 4,177 suka mutu. Mutanen da ke zaune a wurin ba su yi wa kowa laifi ba, ginin gidajensu ma ba shi da aibu. Maƙwabci ne ya ja musu, kuma alamun sun daɗe a fili kafin abin ya fashe.

Daba ma haka take. Asalinta yana da alaƙa da 'yan farauta da 'yan tauri, waɗanda a da unguwa take alfahari da su. Siyasar shekarun 1950, zamanin NEPU da NPC, ta jawo matasa cikin bangar jam'iyyu, daga baya shaye-shaye da rashin aikin yi suka ƙarasa ɓata abin. Yau mun san yadda faɗan unguwa da unguwa yake tashi, a rufe shaguna, a hana yara zuwa islamiyya, ga kuma ƙwacen waya. Nan ne mai sayen gida yake buƙatar natsuwa, domin sunan unguwa yakan yi ƙarya. Akwai unguwar da ta yi ƙaurin suna amma lunguna da yawa a cikinta lafiya lau suke, saboda dattawa sun tsaya, an kafa 'yan sintiri, ana biyan su. Akwai kuma mai kyakkyawan suna wadda kango ɗaya a ƙarshen layi ya zame mata masifa. Lungu ake saye, sunan unguwa a takarda kawai yake.

Akwai kuma hatsarin da ba ya zaɓar unguwa. Hare-haren 20 ga Janairu 2012 da harin Babban Masallacin Juma'a na 28 ga Nuwamba 2014 sun taɓa kowa. A shekarun nan mun ga yadda wasu unguwanni suka koma tsohon tsari, mai unguwa ya ce kada a ba baƙo haya ko a sayar masa da gida sai an san shi. Abin da aka yi watsi da shi a matsayin tsohon yayi, shi aka koma nema da wuya ta yi wuya.

RUWA DA WUTA

Ɓarawo yana ɗaukar kaya ya bar gida. Ruwa gidan yake ɗauka. Kusan kowace tsohuwar unguwa tana da kududdufi, ramin da aka haƙi ƙasar gini. Clapperton ya koka da su saboda ruwan da ke kwanciya yana jawo cuta, kuma gaskiyarsa, sauro ba ya rabuwa da su. Amma su ne suke shanye ruwan damina kafin ya gangara Jakara. A 'yan shekarun nan an cike da yawansu da shara da ƙasa, an yanka filaye an sayar. Ruwan da a da yake da wurin zuwa, yanzu ɗakunan mutane yake shiga. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta nuna ko 'yan kasuwa masu ƙarfi ba su tsira ba idan aka yi gini a kan hanyar ruwa.

Mun san wani bawan Allah a unguwarmu da ya yi ritaya ya sayi gida da rani, sabon fenti, farashi mai sauƙi. Babu wanda ya tambaya, su ma maƙwabta ba su ga wurin shiga maganar ba. Da ruwan Agusta ya sauka sai ga shi yana kwashe ruwa da bokiti tsakar dare, bango ya fara tsagewa tun daga tushe. Sai a lokacin tsofaffi suka ce masa ai nan tsakiyar kududdufi ne, a nan suka koyi iyo. Araha ba ta ado.

Gidan ƙasa kuma yana da nasa sharaɗi. Zai iya shekara ɗari idan ana kula da shi, amma idan aka lulluɓe shi da siminti aka daina duba shi, danshi yakan cinye shi ta ciki ba a sani ba, sai dai a ji ya rufta. A cikin birni kuwa katanga ɗaya takan haɗa gida biyu, saboda haka sakacin maƙwabci yana iya faɗowa a kan 'ya'yanka.

Ita ma wuta tana da nata lissafi. Lungun da ya hana ɓarawo sakewa, shi ne yake hana motar 'yan kwana-kwana shiga, ya hana a kawo mota bakin ƙofa idan naƙuda ta tashi cikin dare. Da can babu tukunyar gas, babu janareta, babu wayoyin lantarki a cakuɗe a kan falwaya. Yanzu akwai su a gidaje da yawa. Abin da ya zama kariya jiya yana iya zama tarko yau.

TAKARDA

Akwai wanda ba ɓarawo ko ruwa ne ya raba shi da gidansa ba, takarda ce. Yawancin gidajen birni gidajen gado ne, magada kuma sukan yi yawa, wasu suna Legas, wasu suna Saudiyya, wasu mata ne a gidajen aurensu ba a ko shawarce su ba. A fiƙihun Malikiyya akwai haƙƙin shuf'a: idan abokin tarayya ya sayar da kasonsa a gidan da ba a raba ba, sauran suna da ikon su biya kuɗin su karɓe. Wanda ya saya a hannun magaji ɗaya ba tare da takardar rabon gado daga kotu da sa hannun sauran ba, shari'a ya saya.

Sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Takardar mai unguwa da shaidu tana da amfani, amma ba ta kai satifiket ba. Shi ya sa ake zuwa KANGIS a bincika asalin fili, a je KNUPDA a ji ko wurin yana kan hanya, ko magudanar ruwa, ko wurin da aka hana gini. Ita kanta badala kayan tarihi ce da doka ta kare, tun 2007 tana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO. Rusau ɗin da aka fara a watan Yuni 2023, wanda ya shafi shagunan Filin Idi da ginin tsohon otal ɗin Daula, ya nuna mana cewa filin jama'a ko da gwamnati ɗaya ta ba ka takardarsa, wata tana iya zuwa ta ce ba ta san zancen ba. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan siyasar abin, mai ƙaramin ƙarfi ya nisanci jikin badala, maƙabarta, filin makaranta da bakin kwari.

TO, ME ZA A AUNA?

Idan muka tattara abin da tarihin nan ya nuna, awon bai da wuya, haƙuri kawai yake so. A ga gida da damina, ko a dubi gindin bangon maƙwabta a ga inda ruwa ya taɓa kaiwa. A je lungun sau uku: da safe, da la'asar, da bayan isha'i. A yi salla a masallacin unguwar, a zauna wurin mai shayi, a ji abin da ake hira a kai. A gaida mai unguwa da liman kafin a biya, ba bayan an biya ba. A tambayi tsofaffin mata, domin su suka san abin da ke wurin kafin a yi ginin, kuma su suka san gidan da ake kwana ana rigima. A auna faɗin lungu da ido, a ga iyakar inda mota ko adaidaita sahu take tsayawa. A ƙirga zaurukan da har yanzu ake zama a cikinsu, a ƙirga kangwaye. Sannan a tambayi abin da dattijon nan ya tambaya: me ya sa za a sayar?

Babu inda za a sami komai a haɗe. Cikin birni yana ba ka mutane, ya hana ka fili. Sabuwar unguwa tana ba ka fili, mutanen kuwa sai ka nema. Mai iyali da yawa wanda yake yawan tafiya zai iya zaɓar lungun da za a kula masa da gida. Mai tsohuwa marar lafiya zai iya zaɓar inda mota take shiga. Kowa da abin da ya fi tsoro, muhimmin abu shi ne ya san abin da ya bari kafin ya miƙa kuɗi.

Akwai kuma tambaya ɗaya da ba mu cika yi ba. Ranar da muke tsaye muna nazarin lungu, mutanen lungun ma suna nazarinmu ta ƙofar zaurukansu, suna tambayar junansu wane irin maƙwabci Allah zai kawo musu. Tsaron da muke nema a wurinsu, su ma shi suke nema a wurinmu: mu fito in an yi ihu, mu biya kuɗin sintiri, mu yashe kwatarmu, mu tsawata wa namu yaran.

Allah Ya ba marar gida gida, Ya haɗa mu da maƙwabta nagari, Ya zaunar da Kano lafiya. Waɗanda suka san tarihin kududdufi ko zauren unguwarsu, muna so mu ji daga gare su. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.